Wasiƙar godiya ga ma'aikatan Ƙungiyar Tarihi ta Wiskonsin

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan laburare da sashen adana takardu,
Ƙungiyar Tarihi ta Wiskonsin, birnin Madison, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in yaba da aikinku, kuma domin 'yan uwana Hausawa mazauna Amurka, waɗanda aure ko karatu ya haɗa su da tsofaffin gidajen ƙasar, su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa idan suna neman salsalar wani iyali. Maiɗakina Ba'amurkiya ce, kuma a gidansu an gaji magana tun kaka da kakanni cewa su jinin Daniel Boone ne, maharbin nan da ya jagoranci masu saran hanya ta mashigin Cumberland zuwa Kentaki a 1775. Surukata ta riƙe wannan magana da hannu biyu, ni kuwa ina so 'ya'yana su san asalinsu ta wajen uwa da hujjar da za su iya nunawa.

Abin da ya kawo ni wurinku shi ne tarin takardun Lyman Draper, wanda ya riƙe muƙamin sakataren ƙungiyarku daga 1854 zuwa 1886, ya kuma bar muku kundi kusan 500 lokacin da ya rasu a 1891. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawo daga wannan gida zuwa wancan, yana zama gaban tsofaffin da suka ga zamanin yaƙe-yaƙen bakin iyaka, yana rubuta abin da suka faɗa, yana kwafe wasiƙu da takardun gado. A 1851 ya sauka a gidan Nathan Boone, autan 'ya'yan Daniel, a Mizuri, ya yi doguwar hira da shi da matarsa Olive. Littafin tarihin Boone da ya ɗauki alwashin rubutawa bai kammalu ba har ya koma ga Mahaliccinsa, amma a ganina tarin da ya bari ya fi littafin amfani, domin kowane mai bincike yana iya komawa ga maganar yadda ta fito daga bakin mai ita.

Babban abin da nake gode muku a kansa shi ne yadda kuka koya mini karanta waɗannan takardu. Ma'aikaciyar da ta ɗora mini fim mai ɗauke da hotunan takardun a kan na'urar karantawa ta fara da jan hankalina cewa duk shafin da zan karanta in tambayi kaina abu uku: wa ya faɗa, shekara nawa bayan aukuwar abin ya faɗa, kuma da idonsa ya gani ko ji ya yi daga wani. Wanda ya zauna gaban malami ya ji yadda ake tantance isnadin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Nathan an haife shi ne a 1781, saboda haka duk abin da ya gaya wa Draper game da zaman iyayensa a kwarin Yadkin da ke Karolina ta Arewa, ko game da kama mahaifinsa da mutanen Shawnee, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suka yi a 1778, labari ne da ya ji a gida, kuma ya maimaita shi yana da shekara saba'in.

Da wannan ma'auni muka bi gidan daga tushe. George Boone, masaƙi daga garin Bradninch a Ingila kuma ɗan ɗariƙar Kiristoci ta Kweka, ya iso Filadelfiya a 1717, bayan ɗansa Squire ya riga shi zuwa. Squire ya auri Sarah Morgan a 1720, suka haifi 'ya'ya goma sha ɗaya, Daniel ne na shida. 'Yan wannan ɗariƙa suna rubuta aure da haihuwa da ladabtarwa a littafin majalisarsu, shi ya sa aka san cewa an kori Squire daga cikinsu bayan ɗansa Israel ya auri wadda ba 'yar ɗariƙa ba, kuma a 1750 iyalin suka bar Fensilbaniya suka nufi kudu, har suka yada zango a Karolina ta Arewa. A nan ne kuka tsamo ni daga wani rami da masu bincike da yawa suke faɗawa. 'Yan Kweka ba sa kiran wata da sunansa, lamba suke ba shi, kuma kafin 1752 shekara tana farawa ne daga Maris, don haka wata na takwas a takardunsu na wancan zamani Oktoba ne, ba Agusta ba. Sauya kalanda a wannan shekara ya kuma ƙara kwana 11, wanda shi ya sa ake ganin ranar haihuwar Daniel a 22 ga Oktoba 1734 a wani wuri, a wani wurin kuma 2 ga Nuwamba, alhali rana ɗaya ce.

Wahalar gaske ta fara ne da shigar iyalin Kentaki. Yankin yana ƙarƙashin Bajiniya har zuwa 1792, kuma gundumar Kentaki da aka kafa a 1776 an raba ta uku a 1780, wato Fayette da Jefferson da Lincoln, daga nan aka yi ta rarraba su, ta yadda mutum yana zaune a gonarsa bai gusa ko taki ɗaya ba, amma takardunsa suna warwatse a kotuna dabam-dabam. Takardun ƙidayar jama'a na 1790 da na 1800 na Kentaki sun salwanta, sai dai a koma ga rajistar haraji, kuma duk ƙidayar da aka yi kafin 1850 sunan maigida kaɗai take ɗauka. Ga kuma al'adar maimaita suna, inda kowane reshe yake da Squire ɗinsa da Daniel ɗinsa da Sarah ɗinsa. Ba ku ɓoye mini cewa wasu amsoshin ba a hannunku suke ba, kun tura ni Ƙungiyar Tarihi ta Kentaki da ke Frankfort da kuma ofisoshin magatakardan gundumomi, kun kuma gaya mini irin takardar da zan nema a kowanne.

Ƙarshen binciken bai zo yadda surukata ta so ba. Zaren gidansu bai kai ga Daniel ba, ya karkata ne zuwa ga ƙanensa Squire, mai sunan mahaifinsu, wanda aka haifa a 1744, ya auri Jane Van Cleve, ya ƙarasa rayuwarsa a kudancin Indiyana, inda ya rasu a 1815 aka binne shi a cikin wani kogo bisa wasiyyarsa. Ko a wannan zare ma akwai gaɓa ɗaya, tsakanin wani uba da ɗansa, da babu wasiyya ko takardar rabon gado da ta ɗaure ta, sai maƙwabtaka a rajistar haraji da kamannin suna. Shawararku ita ce in rubuta a wurin cewa mai yiwuwa ne, in kawo dalilaina, in bar wa na baya su ƙarasa. Akwai shafukan intanet da za su haɗa mutum da duk gwarzon da yake sha'awa cikin dare ɗaya, ku kuwa kun gwammace ku gaya wa dattijuwa gaskiya cikin ladabi, kuma ta karɓa da hannu biyu bayan ta ga takardun da idonta.

Akwai wani abu da ba zan tsallake ba a matsayina na ɗan Afirka. Gidan Boone sun mallaki bayi, kuma sunan ɗaya daga cikinsu, Derry Coburn, wanda yake raka Daniel farauta a shekarun tsufansa a Mizuri, ya tsira har zuwa yau. Mafi yawansu kuwa lamba ce kawai a rajistar haraji, ko sunan yanka kaɗai babu na uba a cikin lissafin dukiyar mamaci. Da na tambaya game da su ba ku yi mini kwana-kwana ba, kun nuna mini irin takardun da zuriyarsu suke bi, kamar yadda kuka tunatar da ni cewa ƙasar Kentaki da aka yi ta rigima a kan mallakarta a kotuna dajin farautar ƙabilun Shawnee da Cherokee ce tun kafin zuwan Turawa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su isar da godiyata da ta iyalina ga kowane ma'aikaci na ɗakin karatu, har da ɗaliban da suke ɗauko akwatunan fim suna mayarwa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa wannan gida albarka.

Naku cikin girmamawa,
Wani Bahaushe mazaunin Amurka.