Rigar mahaifina da gidan zane-zanen Ibeju-Lekki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Ni Bazazzagi ne, ɗinkin hannu ne sana'ata, na haura shekara ashirin a Agege. Watan jiya na kai wa wani alhaji ɗinkinsa can hanyar Epe, sai ɗana da ya raka ni ya nace lallai mu biya ta gidan adana kayan fasaha na Jami'ar Pan-Atlantic da ke Ibeju-Lekki, wai malaminsu ya ba su labarinsa. Ba da son raina na bi shi ba, don cunkoson Ajah ya riga ya cinye mana rabin yini.

Ginin kamar akwati yake, launinsa na jar ƙasa irin ta garinmu. A 2019 aka buɗe shi, da sunan Yarima Yemisi Shyllon, mutumin Abeokuta, wanda ya ɗebi kayan fasaha 1,000 cikin abin da ya tara da guminsa ya ba jami'ar kyauta.

Na daɗe tsaye gaban wani kai na yumɓu, aikin mutanen Nok. Ƙwayar idonsa a huje, gashin a gyare tsaf kamar yanzu aka taso daga wurin kitso, alhali irin waɗannan kayan sun haura shekara 2,000. Nok ɗin nan fa ƙauye ne a Jihar Kaduna, masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928. Da muka zo kan aikin Bruce Onobrakpeya, yaron ya ce mini, "Baba, ai a garinku ya yi karatu." Ashe shi da su Yusuf Grillo da Uche Okeke ne suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A Zariya aka yanke mini cibiya, amma sai a Ikko na ji wannan, a bakin ɗan cikina.

Tun a mota hankalina ya koma kan rigar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Saƙi ce mai aska takwas, da zaren tsamiya ya yi mata aiki da hannunsa, tambarin bayanta kaɗai ya ci masa makonni. Da ya rasu na taho da ita nan na kulle a adaka, ina ganin na adana ta. Bara na buɗe. Danshin Legas ya sa ta yi fumfuna, asu ya cinye linzamin, ina ɗagawa tana zubewa a hannuna. Wallahi sai da na yi hawaye. Yau ko ni da na gaji allurarsa ba zan iya maimaita wannan aikin ba, ga shi babu abin da zan nuna wa yaran shagona su kwaikwaya.

Wani maƙwabcina da na ba shi labari cewa ya yi, ai wurin gumaka na je. Na fahimci damuwarsa. To amma allon zayyana gunki ne? Sirdin doki fa, da ƙwaryar da aka yi wa zane, da aikin dukawa, da bakan gizon ginin da shahararren maginin nan Babban Gwani ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya? Waɗannan namu ne, kuma su ne ke ruɓewa a ɗakunanmu.

Kirana ga attajiranmu da masu sarauta ne. Akwai gidajen da ke da alkyabba da rigunan kakanni da tsofaffin littattafan hannu fiye da yadda za su iya kulawa. Ku ware wani abu ku ba Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, ku haɗa da kuɗin gina ɗakin da zai kare su daga danshi da gara, a riƙa baje su ɗalibai da masu sana'a suna gani. Malaman makarantunmu na Agege da Idi-Araba kuma, don Allah ku ɗauki hayar mota ko sau ɗaya a shekara ku kai yara Ibeju-Lekki.

Abin da ya rage na rigar, wato aljihun da askar ke kai, na yanke shi na sa a leda. Duk jami'ar da ta shirya, ni zan kai mata da ƙafata.

Naka,
Mai ɗinkin hannu, Agege, Legas.