Taurarin Masu Saye da Kayan Wasan Ƙananan Yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta shigo mana tare da sayayya ta intanet, wato dogaro da taurarin da masu saye suke bai wa kaya, har mutum ya ciro kuɗinsa ba tare da ya karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu ba.

Tun a 1995 kamfanin Amazon ya buɗe wa masu saye damar bayyana ra'ayinsu a kan abin da suka saya, kuma yau da wuya ka shiga kasuwar intanet da ba ta bi wannan sahu ba. Abin da ke damuna shi ne ma'auni ɗaya ake amfani da shi ga kowane irin kaya. Taurari biyar ɗin da ake auna faifan mawaƙan rok da su, da su ake auna faifan waƙoƙin wasannin dandamali na Broadway a birnin New York, kuma da su ake auna 'yar motar robar da za a miƙa wa yaron da bai cika shekara biyu ba. A wajen faifai ban ga laifin hakan ba, domin in wani ya ce ƙarar gita ta danne muryar mawaƙi, wani kuma ya ce 'yan wasan Landan sun fi na New York iya rerawa, magana ce ta kunne, kuma wanda ya bi ra'ayin da bai dace da nasa ba iyakar asararsa kuɗin faifai.

Kayan wasan yara kuwa na ga lamarinsu da idona a tsakar gidana. Watannin baya na sayo wa jikata, 'yar shekara ɗaya da wata takwas, wata 'yar mota mai kiɗa da walƙiya daga wani shago na intanet, bayan na ga kusan duk waɗanda suka saya sun cika mata taurari. Ba ta yi sati uku ba sai ranar nan uwar yarinyar tana shanya ta lura kiɗan ya ɗauke, yarinya kuma ta yi tsit tana motsa baki. Da ta sa yatsa sai ta zaro ɗan batir mai faɗin maɓallin riga, jiƙe da yawu, marfinsa kuma yana yashe a bakin tabarma, domin babu ko ƙusa ɗaya da ta riƙe shi. Allah ne ya tsare, don likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa irin wannan batir in ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu kacal.

A daren na koma na karanta ra'ayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yaba saurin isowar kaya, wancan ya yaba launi, wata ta ce ɗanta ya yi murna. Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu da ƙarya, sai dai yawancinsu sun yi rubutun ne a ranar da suka buɗe kwali, alhali aibin abin wasa ba ya fitowa sai yaro ya cije shi, ya buga shi da ƙasa, ya tsoma shi a ruwa. Faifai kana iya yanke masa hukunci a zama ɗaya, kuma mai sauraro shi ne mai rubutu. A nan kuwa mai amfani da kayan bai iya magana ba tukuna, babba ne yake rubutawa a madadinsa.

Akwai kuma aibin da ido ba ya gani ko da an shekara ana kallo. A watan Agustan 2007 kamfanin Mattel ya janye kayan wasa kusan miliyan ɗaya daga kasuwannin Amurka saboda an samu dalma a fentinsu, sannan cikin watan ya sake janye fiye da miliyan 18 a faɗin duniya saboda ƙananan maganaɗisu da ke ɓallewa, waɗanda in yaro ya haɗiyi biyu suna iya manne hanjinsa su huda shi. Gwajin ɗakin bincike ne ya gano dalmar, domin ba ta da wari balle launin da uwa za ta shaida. Mu kuwa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, tunda a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Haka nan gadon jarirai mai gangare na Fisher-Price da ake kira Rock 'n Play, wanda iyaye suka shafe kusan shekara goma suna yabo saboda yana sa jariri barci: a watan Afrilun 2019 aka janye guda miliyan 4.7 bayan an danganta shi da mutuwar jarirai fiye da 30, kuma zuwa Janairun 2023 adadin da aka kai rahoto ya kai wajen 100.

Ga kuma ra'ayin bogi da ake saye da kuɗi, wanda ya yi yawan da a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa dokar hana shi tare da tara.

Yawancin kayan wasan da ke hannun 'ya'yanmu ma ba ta intanet suke zuwa ba, a kan tebur ko a baro ake sayensu, musamman da Sallah, a cikin leda babu sunan kamfani balle gargaɗi. Muna da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, muna da FCCPC da aka kafa bisa dokar 2018 domin kare haƙƙin masu saye, amma uwa nawa ce a unguwanninmu ta san inda za ta kai ƙara in tayar mota ta cire a bakin ɗanta?

Saboda haka nake roƙon wannan jarida ta ware shafi, ko sau ɗaya a wata, inda iyaye za su riƙa rubuto abin da suka gani game da kayan wasa bayan wata biyu ko uku a hannun yaro, su faɗi shekarun yaron, da abin da ya karye, da yadda ya karye. A kuma nemi likitan yara ya riƙa yin bayani da Hausa a kan alamomin da ke jikin kwali, kamar jan da'irar nan mai fuskar jariri da lambobin 0-3 da aka ja wa layi, wadda ke nufin kada a bai wa yaron da bai kai shekara uku ba. A Turai da Amurka ana gwada guntayen kayan wasa da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya ana ɗaukarsa mai iya shaƙe yaro, kuma da za a buga hoton da'irar da ainihin girmanta a shafin, kowace uwa za ta iya yankewa ta ajiye. Ni a shirye nake in aiko da bayanin motar jikata da hoton marfin batirinta domin fitowar farko.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya