Kyautar da ba ta duba buƙata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana kan yadda kyauta ke sauya salo a Sakkwato. Iyayenmu sun riƙe al'adar ciyayya, inda ake aika yaro da kwanon tuwo gidan maƙwabci bayan magariba ba tare da an jira ya roƙa ba, domin mutumin kirki yana rufa asirin mabuƙaci tun kafin ya buɗe baki. Yanzu kuwa mai hali zai yi ta liƙi a wurin biki ana ɗaukarsa hoto, alhali matar da ke bayan katangarsa garin kwaki take jiƙa wa marayunta. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Ba na ƙin gudunmawar biki, ai zumunci ce. Amma ƙarin akwatin lefe sha'awa ce da za ta iya jira, majinyaci kuwa yau yake buƙatar magani.

Ina kira ga limamanmu da masu unguwanni da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha su riƙa tunatar da mawadata halin maƙwabtansu, musamman a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna ke yin ƙasa, gero ya yi tsada.

Wassalam,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato