Barka da Sallah daga Jamus

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina yi muku barka da Sallah, da fatan Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana cikin ƙoshin lafiya. Ina rubuta wannan wasiƙa ne da yammacin ranar Sallah, bayan na dawo daga wurin Idi, na naɗe wayoyi, na mayar da kayan aiki cikin akwatunansu. Da na zauna sai shiru ya yi mini yawa. A unguwar da nake yau ranar aiki ce kamar kowace rana, kuma tagogin gidajen nan gilashi biyu gare su, ko motar da ta wuce a titi da ƙyar ake jin ta.

Ku taya ni murna, domin bana ni aka ɗora wa nauyin sauti a wurin Idi. Ɗakin wasanni 'yan'uwa suka yi haya, mai bangon siminti da rufi mai tsawo, irin wanda idan mutum ya yi tari sai bango ya mayar masa. Limamin kuwa dattijo ne mai sanyin murya. A wuri irin wannan, makirufo mai ji ta ko'ina masifa ce, domin zai kwashi muryar liman, ya haɗa da abin da bango ya dawo da shi, ya ƙara da abin da lasifika ta fitar, ya sake tura mata, har abin ya zama ƙugin nan mai tsinke kunne. Saboda haka na ɗauki makirufo mai fuskantar gefe guda.

Baba, na san za ku so ku ji yadda yake aiki, tunda kun sha tambayata abin da nake yi a nan. A cikin kansa akwai tantani siriri, kamar na ganga amma ya fi takarda laushi, kuma a bayan tantanin an bar wasu ƙananan ƙofofi. Sautin da ya zo ta gaba yana kaɗa tantanin da ƙarfinsa. Wanda ya zo ta baya kuwa yana rabuwa biyu, wani ya shiga ta ƙofofin, wani ya zagayo ta gaba, su isa tantanin a lokaci guda, kowane yana tura shi ta ɓangarensa, sai ya tsaya cik. Idan aka zana iyakar jinsa a takarda, siffar zuciya take fitowa, shi ya sa ake ce masa kadiyoyid, wato mai siffar zuciya. Wani injiniya mai suna Benjamin Bauer ne ya fito da dabarar yin haka da tantani ɗaya a kamfanin Shure na Amurka, aka fitar da shi a 1939 da sunan Unidyne, kuma SM58 da kuke gani a hannun masu jawabi, wanda ya fito a 1966, daga zuriyarsa yake. Na liman na yau ya fi wannan tsuke kunne. Yana ɗan ji ta ƙeya, amma inda ya fi kurumcewa shi ne gefen baya, wajen digiri 126 daga gabansa, kuma daidai nan na ajiye ƙaramar lasifikar da liman yake jin kansa da ita. Alhamdu lillahi, huɗuba ta fita tas har sahun ƙarshe, babu ƙugi ko sau ɗaya.

Amma da aka fara kabbarori sai zuciyata ta karye. Daga lasifika biyu suke fitowa, dama da hagu, a tsabtace, kamar yadda ni da kaina na tsara. Ni kuwa abin da kunnena ya saba da shi a safiyar Sallah shi ne kabbarar da ba ta da gefe: ta gabas, ta yamma, ta bayan katanga, wata kusa wata nesa, muryar tsoho tana hawa kan ta yaro, wasu sun riga wasu farawa, har mutum ya rasa inda tasa ta tsaya ta jama'a ta soma. Wannan ne ban samu ba yau, kuma shi ne ya zaunar da ni ga wannan takarda.

Saƙon murya da Inna ta turo da hantsi na saurare shi ban san adadi ba. Makirufon waya ba ya zaɓe sosai, abin da ke kewaye duk yana shiga, don haka a bayan muryar Inna na ji ƙarar ƙyauren nan da har yau ba a shafa masa mai ba, na ji gyaran muryar Baba, na ji yara suna gardama a kan takalmi. A wurin aiki irin wannan ne nake yini ina korewa. Idan muna ɗaukar fim nakan riƙe dogon makirufo na Sennheiser, MKH 416, a bakin sanda, da rigarsa mai gashi saboda iska, mikisa, wato na'urar haɗa sauti, tana ba shi wuta bolt 48. Mutane suna zaton yana janyo murya daga nesa ne. Ba ya janyo komai, tsagogin da ke jikin bututunsa ne kawai suke raunana abin da ya zo ta gefe, kuma dole ne a kusanto shi da mai magana, domin duk lokacin da tazara ta ninka sau biyu, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Yau na tuna wannan lissafi, na tuna nisan da ke tsakaninmu.

Auta, ka ce lasifikar da kake kula da ita tana yawan ƙugi. Ka mayar da ita gaban mai magana, bakinta yana kallon jama'a, kada makirufo ya fuskance ta. Ka kuma roƙi masu riƙe shi cikin ladabi su daina dunƙule kansa da tafin hannu, domin hakan yana toshe ƙofofin bayan nan, ya koma mai ji ta ko'ina. Su kusanto da baki maimakon ka ƙara ƙarfi, amma ka sani idan baki ya manne sosai murya tana yin kauri.

A gaida Yaya da iyalinsa, da Kawu, da maƙwabta baki ɗaya. A gaida Gwaggo, wadda guɗarta babu mikisar da za ta ɗauke ta ba tare da an rage ba, kuma na yi kewarta ƙwarai. Kaka kuwa, a durƙusa a gabanta a madadina, a faɗa mata cewa muryarta ce na fi nema a cikin saƙon ban samu ba, wataƙila tana can ƙuryar ɗaki tana jan carbi. A ce mata addu'ar da take yi mini ƙasa-ƙasa har yanzu tana kunnena.

Ina roƙon abu biyu. Gobe da safe a ajiye waya a tsakar gida, a bar ta tana ɗauka minti goma, kada a ce wa kowa ya yi shiru. Sannan Auta ya shiga wurin Kaka, ya rufe ƙofa, ya riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinta, ta sa mini albarka.

Wassalam,
ɗanku mai biyayya.