Baba ya ƙi yarda a zura masa na'urar duba ciki, ya zan yi?

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki, Allah ya saka da alheri kan wannan shiri naku. Dan Allah shawara nake nema akan mahaifinmu, ya haura shekara 60, ya daɗe da ciwon hanta nau'in B amma bai taɓa kwantar da shi ba sai watan jiya da ya tashi cikin dare yana aman jini, bayan gidansa kuma ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Muka garzaya asibiti aka ƙara masa jini, Alhamdulillah ya farfaɗo.

Likitan ya zaunar da mu ya ce hantar ce ta taurare, jini baya samun wucewa ta cikinta sai ya taru a jijiyoyin da ke ƙasan hanyar abinci suka kumbura har ɗaya ta fashe. Ya ce ba sai an yanka shi ba, endoskofi za a yi masa, siririn tiyo ne mai kyamara a kai za a bi da shi ta baki bayan an fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, in an hango jijiyoyin sai a ɗaure su da ƴan ƙananan robobi su bushe su faɗi da kansu, aikin baya wuce minti 30 amma kafin a yi sai ya yi awa 6 zuwa 8 bai ci komai ba, kuma za a maimaita bayan sati 2 zuwa 4 har su ɓace. Aka tura mu asibitin Malam Aminu Kano.

To Baba fa ya ce atafau babu mai zura masa tiyo da ransa. Baffanmu kuma ya shigo da jiƙo wai jifa ne, ga shi har yanzu Baba yana aika yara kemis su siyo masa diklofenak na ciwon gwiwa wanda likita ya hana ƙiri-ƙiri ya ce yana jawo zubar jini. Wallahi bacci ya ƙaurace min, don an faɗa mana in ba a ɗaure ba jinin kan dawo kuma na biyun ya kan fi muni.

Yayana ya ce kawai mu ce masa hoto za a ɗauka, in an ba shi maganin bacci shikenan. Ni gaskiya zuciyata bata kwanta da wannan ba, uba ne kuma da hankalinsa, ranar da ya gane mun yaudare shi ba zai ƙara yarda ya koma ba alhali ba sau ɗaya ake yi ba.

Likita dan Allah ku yi bayani a rediyo don yana sauraron ku sosai, mutum yana iya numfashi lokacin da tiyon ke ciki? Akwai zafi bayan an gama? Kuma ƙwayar propranolol da aka ba shi don rage matsin jini a jijiyoyin za ta iya riƙe shi ita kaɗai kafin mu shawo kansa? Sannan ko mu nemi limamin unguwarmu ya yi masa magana tunda yana jin nauyinsa, ko hakan tona masa asiri ne?

Nagode, Allah ya ƙara basira.
Ƴarku mai sauraro daga Bichi.