Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Lamiɗo Kan Gurɓacewar Ruwa da Mutuwar Kifi a Mashiginmu na Tafkin Lagdo da ke Kamaru

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai Martaba Lamiɗo, uban ƙasa, ta hannun Lawan da Sarkin Hausawa.

Daga masunta, da mata masu banda, da dillalan kifi, da sauran talakawanka mazauna bakin ruwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi da biyayya irin ta 'ya'ya ga ubansu, muna roƙon Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya ƙara masa lafiya da nasara, ya jiƙan magabatansa da suka karɓi iyayenmu hannu biyu. Mun san abin da ke gaban fada ba kaɗan ba ne, kuma ba tarbiyyarmu ba ce mu tsallake Jauro da Lawan mu ɗaga murya. Da saninsu muka rubuta wannan takarda, da izininsu kuma aka kawo ta. Idan akwai kalmar da ta yi zafi a ciki, muna neman afuwa tun yanzu, ciwon da ke ranmu ne ya fito da ita.

Ranka ya daɗe, ranar Juma'ar da ta wuce, tun kafin a kira assalatu, waɗanda suka fita duba kalli suka tarar kifi ya rufe saman ruwa daga mashigi har bakin duwatsu. Karfasa ce birjik, ciki a sama, ga kawara, ga kurungu, har da 'ya'yan giwan ruwa da ba su kai tsawon kamu ɗaya ba, waɗanda da an bar su shekaru kaɗan ɗaya ma ya isa ya biya wa yaro kuɗin makaranta. Waɗanda ba su riga sun mutu ba sun taso sama suna buɗe baki suna haɗiyar iska, ƙaramin yaro ma da hannu yake ɗaukarsu. Tarwaɗa ce kawai ta tsira. Kafin a sauko daga masallacin Juma'a wari ya hana mutanen layin gaba zama a gidajensu. Da shebur da baro muka kwashe abin da muka iya, muka binne, don kada wani marar tsoron Allah ya tsince shi ya banda ya kai kasuwa.

Abin bai zo mana a rana ɗaya ba. Tun bayan ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, ruwan lungunmu ya canza kama, ya yi kore shar, ya yi kauri kamar miyar kuka. In ka tsoma gora sai ta fito da shi a manne. Inda iska ta tura shi gefe ya taru ya yi kumfa, da rana ta buge shi ya bushe a kan laka ya bar shuɗi-shuɗi. Matan da suka yi wanki a ciki sun kwana suna susar hannu, yaran da suka yi wanka wasu sun fito da ƙuraje, wasu gudawa da amai. Wani makiyayi da ya shayar a wurin ya rasa maruƙansa a yini guda, kuma har yau ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi.

Amma abin da ya sa muka kasa haƙuri, Allah ya ba ka nasara, shi ne abin da ya biyo baya. Ranar Asabar sai ga mota da jami'ai. Muka yi murna, muka shimfiɗa tabarmi, a zatonmu an zo ɗibar ruwa ne a kai gwaji. Ko kwalba ɗaya ba su cika ba. Daga kan tudu suka tsaya, hanci a toshe, suka yanke hukunci cewa mu ne muka zuba gamalin, maganin ƙwarin nan da wasu ke kashe kifi da shi. Aka kwashe koma da kalli da ke shanye a rana, aka kwance injin wani jirgi da mai shi bai gama biyan bashinsa ba, aka tafi da samarinmu, aka ce sai an kawo tara. Dattijon da ya buɗe baki zai yi bayani aka daka masa tsawa a gaban jikokinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Mun san kamun guba, ba baƙonmu ba ne, kuma mun tsane shi fiye da duk wani mai kaki. Mai zuba guba da dare yake yi, ya kwashe kifinsa ya gudu kafin gari ya waye, ba ya barin shi ya ruɓe a ƙofar gidansa. Guba ba ta ware tarwaɗa ta ƙyale. Guba kuma ba ta mayar da ruwa kore kwana da kwanaki kafin a zuba ta. Sarkin Ruwanmu yana da doka a kan wannan tun zamanin mahaifinsa, kuma Lawan shaida ne cewa duk wanda muka taɓa kamawa da kanmu muka miƙa shi. Wane mai hankali ne zai kashe ruwan da 'ya'yansa ke sha, ya kashe kifin da zai kama baɗi?

Akwai ɗanmu da ke koyar da kimiyya a lise, wato makarantar sakandare. Shi ya ɗebi ruwan a kwalba, ya aro madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya sa dattawa suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, har da Liman. Koren nan da muke kira gansakuka ashe tarin halittu ne masu rai, wasu dunƙule-dunƙule, wasu jere kamar zare, ba iyaka cikin ɗigo guda. Ya ce in suna daidai gwargwado alheri ne, su karfasa ke ci, da babu su da babu kifi, kuma irinsu da ke cikin teku su ke samar da kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya. Wasu daga cikinmu da suka zauna a Chadi ma sun tuna yadda matan Kanembu ke tace wata irinta a tafkunan kanwa, su shanya a kan yashi, su yi miya da ita. Matsalar tana farawa ne idan abincinsu ya yi yawa. Abincin nan kuwa sinadarai biyu ne, naitirojin da fosfaras, waɗanda su ne ƙarfin takin zamani, su ne kuma ke cikin kashin shanu, da bahaya, da jini da tumbin mahauta. In suka kwararo cikin ruwan da ya ja baya, ga zafi, ga rashin motsi, sai halittun nan su hayayyafa cikin 'yan kwanaki su rufe ko'ina.

Ya kuma warware mana abin da ya ɗaure mana kai, wato dalilin da ya sa kifin ya mutu da asuba. Da rana, in akwai haske, gansakukar tana sakin iska cikin ruwa. Da dare kuwa ita ma shaƙa take yi. Wadda ta mutu ta nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su ma iskar suke ci, ruwa mai ɗumi kuma dama ba ya riƙe iska da yawa. Saboda haka gab da ketowar alfijir iskar ke ƙarewa, musamman in an yi kwanaki ana hadari babu rana sosai, kamar yadda aka yi a makon nan. Kifin shaƙewa ya yi, ranka ya daɗe. Tarwaɗa ta tsira ne don Allah ya yi ta da abin shaƙar iskar sarari, abin da kowane ɗan masunci ya sani tun yana tallar kifi. Bayan haka akwai irin da ke fitar da dafi mai taɓa hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe wannan dafin. Wannan maganar ta fi tayar wa matanmu hankali, don su duk abin da suka dogara da shi ke nan, su tafasa su ba yara.

Ba a kanmu aka fara ba, kuma inda ya faru ba masunta aka kama ba. A 2014, a birnin Toledo na Amurka, hukuma ta hana mutane wajen dubu 400 shan ruwan famfo na kusan kwana uku saboda dafin irin wannan gansakuka da ya fito daga tafkin da suke sha. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, gwamnatin ƙasar ta ɗora abin a kan wannan dafi a wuraren shan ruwansu. A gaɓar teku ma haka ne. Kogin Misisipi yana kwaso takin gonakin Amurka ya zuba a Tekun Meziko, kowace bazara sai a sami yanki a ƙasan ruwa inda iska ta ƙare, kifi da jatan lande su gudu ko su mutu. A 2017 faɗin wurin ya haura murabba'in kilomita dubu 22, ya ninka tafkin nan namu gaba ɗayansa fiye da sau talatin. Idan teku da girmanta ba ta iya haɗiye ƙazantar da ake tura mata ba, ina ga ɗan lungun da muke ciki? Kuma ruwan nan ba a nan yake tsayawa ba, Binuwai ce, tana wucewa Garwa, ta shiga Yola da Makurɗi, ta haɗu da Kwara a Lokoja ta faɗa teku.

Inda ƙazantar ke fitowa ba ɓoyayye ba ne, da ƙafa ake zuwa. Kwatar mahauta kai tsaye take gangarowa cikin ruwa, ranar kasuwa ja wur take zuwa. Jujin kasuwa a cikin kwari aka yi shi, duk abin da aka tara tun kaka ruwan farko ya share shi ya kawo mana. Ramukan masai da aka gina wa 'yan kasuwa a bakin gaɓa suke, sun cika tuntuni, an huda su ta baya. Sannan ga gonakin da ake yi a ƙasar da ruwa ya janye ya bari: an sassabe ciyawa da gezar da ke tare laka, ana shuka har bakin ruwa, ana watsa takin yuriya da hannu, rabinta ba ta kai ga saiwar masara ba sai cikin tafki. Zangon shanu ma duk rani a nan yake. Ba mu ce manomi ya bar noma ba, ko makiyayi ya bar shayarwa, ko mahauci ya ajiye wuƙa. 'Yan uwanmu ne, muna aure a tsakaninmu, kuma su ma ruwan nan suke sha. Wasu manyan gonakin dai na mutanen da ba ma iya ambata ba ne, fada ta fi mu saninsu.

Mun yi magana, Allah ya ja zamaninka, har mun gaji da jin muryarmu. Mun faɗa wa Jauro, mun je wurin Lawan, mun kai takarda ofis an buga mata hatimi an ce za a duba, mun sake kaiwa an ce mai sa hannu ya yi tafiya. An taɓa turo wasu suka ɗauki hoto da waya suka tafi. An yi zama a makaranta, aka sha lemo, aka ce za a kafa kwamiti. Bara ma ruwan ya yi kore, bai dai kai na bana ba, muka faɗa aka ce damina za ta wanke. Amma ranar karɓar kuɗi ba a taɓa mantawa da hanyar mashiginmu ba. Muna biyan kuɗin izinin kamun kifi, muna biyan na jirgi, matanmu na biyan tikitin kasuwa kowane mako. In an rufe ruwa watannin damina don kifi ya hayayyafa, mukan jingine jiragenmu mu ci bashi mu jira. Kifin da muka yi wa wannan haƙurin shi ne muka binne da shebur ranar Juma'a.

Tun da aka gama madatsar nan a 1982 iyayenmu suka taru a nan, wasu daga bakin Tafkin Chadi lokacin da ya ja baya, wasu daga Logon, wasu daga ƙasar Hausa, gidan nan mai albarka ya ba su wurin zama. A nan aka haife mu, a nan muka binne su, ba mu da wani wurin da za mu koma.

Don haka muke durƙusawa gaban Mai Martaba. Abu na farko, a taimaka a sako mana 'ya'yanmu, a maido da koma da kalli da injin da aka kwashe, ba tare da tara ba, don ba a ci tarar mutum kan laifin da ba a bincika ba. Muna roƙon fada ta sa baki a turo masana daga Garwa ko jami'ar Ngaundere su ɗebi ruwan nan tun bai washe ba, su zo da asuba, su auna iskar da ke cikinsa a lokacin da kifin ke mutuwa, mu za mu kai su da jirginmu kyauta. In gwaji ya nuna gamalin ne, mun yarda a hukunta mu gaba ɗaya. In kuwa ya nuna abin da muka faɗa ne, to a faɗe shi a bainar jama'a kamar yadda aka kira mu masu guba a bainar jama'a, domin dillalan Garwa sun fara gudun kifinmu, har bandar da aka yi tun kafin abin ya faru an dawo wa mata da ita.

Muna roƙo a kira Sarkin Pawa da shugabannin kasuwa a fada, a haƙa wa mahauta rami nesa da ruwa, a ɗauke juji daga cikin kwari, a yashe masan nan ko a rufe su a gina wasu a kan tudu. Mu a namu ɓangaren mun riga mun haƙa ramin zuba hanjin kifi da ƙaya, kowa na iya zuwa ya gani. A shata iyaka tsakanin gona da ruwa, a bar ciyawa ta dawo a tsakani, a hana watsa taki a wannan zirin, kuma dokar ta hau kan babba kamar yadda za ta hau kan ƙarami. A ware wa makiyaya mashaya a inda ruwa ke gudu. A sa sankira ya zaga, a kuma faɗa a masallatai da coci, cewa kada a sha ruwan da ya yi kore ko an tafasa shi, kada a bar yara da dabbobi su shiga. Sai dai in an hana mutane wannan ruwan dole a ba su wani, ga shi famfon burtsatsen unguwarmu ya lalace tun kafin azumi, mata na tafiya mai nisa kafin su sami na sha. Shi ma muna roƙo a dube shi.

Muna sake maimaitawa, ranka ya daɗe, maganar samarin nan ita ce ta fi gaggawa. Iyayensu mata suna zaune a ƙofar gidan Sarkin Ruwa tun ranar Asabar. Muna kuma roƙon Mai Martaba, in ba zai samu sukunin zuwa da kansa ba, ya turo wakili daga cikin 'yan majalisarsa ya sauko har bakin ruwa, kada ya tsaya a kan tudu, ya bi kwatar mahauta da ƙafarsa daga sama har inda ta faɗa tafki, kafin wani ruwan sama ya sake sauka.

Allah ya ja zamanin Lamiɗo, ya ƙara masa imani da adalci, ya zaunar da ƙasarsa lafiya. Amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,

Sarkin Ruwa, a madadin masunta
Shugabar mata masu banda
Wakilin dillalan kifi
Limamin unguwa da dattawan bakin ruwa

Sa hannu da dangwalen yatsun sauran jama'a suna a takardar da ke haɗe da wannan.