Takalmin ranar tsere daban, na atisaye daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da matasanmu masu gudun fanfalaki da iyayen da ke haɗa musu kuɗin takalmi. Ina horar da yara a nan Jos, kuma ciwon ƙwauri da na gwiwa da na agara su suka fi kwantar mini da su. Idan na bi diddigi, sau da yawa takalmi ne sila.

Tun da Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya cinye kilomita 42 cikin ƙasa da awa 2 a Vienna a 2019, kowane yaro burinsa ya sa takalmi mai tudun soso da faifan kabon, wato wani faranti mai tauri marar nauyi, a ciki. Ana cikin wannan yayi ne hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, World Athletics, ta sa doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin gudun titi kada ya wuce milimita 40, faifan kuma kada ya wuce ɗaya. Irin waɗannan don ranar tsere aka ƙera su. Wanda Tigst Assefa ta Habasha ta sa a Berlin a 2023, ranar da ta kafa tarihin duniya na gudun fanfalakin mata da awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, dala 500 ne kuɗinsa, kuma tsere guda aka yi shi ya ɗauka. To mai gudu safe da yamma a kan burji da duwatsun Filato, me zai yi da shi?

Takalmin atisaye mai kyau yakan kai kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya mutu. Mai cin kilomita 100 a mako, wata biyu ya gama da sabo fil. Ga shi yawancinmu gwanjo muke saya a kasuwar Katako ko ta Taminus, kuma babu abin kunya a ciki, iya ƙarfinmu ke nan. Sai dai wanda ya yar da shi a Turai ya riga ya sha romonsa. An wanke sama ya yi fes, ƙasa kuwa ta gama aiki.

Don haka, yarana, ku daina kallon tambari da launi. Ku zare shimfiɗar ciki, ku danna soson da babban yatsa. Idan ya yi tauri ko ya ƙi tasowa, ku ajiye. Ku duba gefensa, idan ya yi tamoji da yawa ya tsufa. Ku ɗora shi kan tebur ku kalle shi ta baya, in ya karkace gefe guda, haka zai karkata muku idon sawu. Ku je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da kuke gudu da ita, ku bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi. Baƙin farce da bororo daga matsi suke zuwa. Lamba 42 ta wannan kamfani ba lalle ta yi daidai da ta wancan ba, sai an gwada an ɗan sassarfa. Wanda kuma ya saba da mai tudun dunduniya kada ya koma mai shafaffen tafi dare ɗaya, agara ce za ta ji a jikinta.

Mai hali ya sayi biyu yana canzawa, soso na samun hutu, ƙafa ma haka. Kada a shanya shi a tsakar rana ko kusa da wuta, kada kuma a riƙa zuwa kasuwa da shi.

Wasu dattawa kan ce mini ai Abebe Bikila na Habasha ƙafarsa babu takalmi ya ci zinaren gudun fanfalaki a gasar Olympics ta Rum a 1960. Gaskiya ne. Amma a Tokyo a 1964 da takalmi ya sake ci, kuma ya rage sama da minti 3.

Roƙona ga masu shirya gasanni da masu hannu da shuni: kuɗin da ake kashewa kan riguna da huluna masu hoto, a ware wani abu a saya wa yaran nan takalman atisaye, a kuma auna ƙafar kowane yaro kafin a saya.

Naka,
Wani mai horar da 'yan gudu, daga Jos